Yadda Ake Kai Wa Majalisa Shawarar Gyara Dokar Zamba Da Cin Amana

Ni lauya ne, kuma mafi yawan aikina a kotunan majistare na Nomansland da Gyaɗi-Gyaɗi da Gidan Murtala a kan ƙararrakin zamba da cin amana na yi shi. Shi ya sa sakatarorin ƙungiyoyin kasuwa kan kawo mini takardunsu in duba kafin su nufi majalisa da su. Kusan duk buƙatarsu ɗaya ce: a tsananta hukunci. Wannan ya ce shekara 20, wancan ya ce a hana beli, wani ya ce a riƙa nuna fuskar ɗan damfara a talabijin. Na san zafin da ke sa a rubuta haka, don wanda aka kwashe wa dilolin atamfa a Kantin Kwari ba ta zaɓen kalmomi yake ba. Sai dai irin wannan takarda a fayil take tsufa. Wadda ke zama doka ita ce wadda ta ce ga sashe kaza, ga ƙofar da mai laifi yake ficewa ta cikinta, ga kalmomin da za su rufe ta, ga kuma tabbacin ba za su rutsa da mai gaskiya ba.

In da tsananin hukunci ne maganin, da tuni an wuce wurin. Dokar tarayya ta 2006 a kan damfara ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, har zuwa 20, babu zaɓin tara. Dokar cek ɗin bogi ta 1977 ta ce shekara 2, ita ma babu zaɓin tara. Dukkansu suna nan daram, 'yan damfara kuma ba su fasa ba.

To, kafin ka ɗora biro a takarda, san kundin da kake so a taɓa. A Kano, sata da zamba da cin amana suna cikin Final Kod, wato kundin laifuffuka da hukuncinsu. Gwamnatin Sardauna ce ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan na wancan lokaci, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Aka zartar da kundin a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajiberin samun 'yancin kai. Daga na Sudan aka ɗauko shi, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860. Ke nan sassan da ake gurfanar da mai alat ɗin bogi a kansu yau, an tsara su ne a zamanin da kuɗi yake abin ƙirgawa a tafin hannu.

Sayi kundin, kada ka dogara da abin da aka gaya maka. Sata tana sashe na 286, hukuncinta a 287, har shekara 5. Karkatar da dukiyar wani zuwa amfanin kai tana 308. Cin amana tana 311, hukuncinta a 312, har shekara 7. Zamba tana 320, hukuncinta a 322, har shekara 3. Sai wanda kowa ke tsallakewa alhali a kansa sauran suka jingina, wato sashe na 16. Shi ne ya fayyace rashin gaskiya a idon doka: yin abu da niyyar samun riba ta haram, ga kai ko ga wani, ko jawo wa wani asara ta haram. Lambar 419 kuwa ba tamu ba ce, ta Kiriminal Kod ce ta jihohin Kudu. Takardar da ta roƙi majalisar Kano ta gyara sashe na 419 ta nuna tun a layin farko cewa mai ita bai buɗe littafin ba.

Kundi biyu gare mu, kada ka manta. Tun shekarar 2000 Kano take da kundin laifuffuka na Shari'ar Musulunci wanda kotunan Shari'a ke aiki da shi. In ka gyara ɗaya ka bar ɗaya, laifi guda zai zama yana da hukunci biyu, sai a koma rububin wace kotu za a kai. Saboda haka duk gyaran da ka rubuta, yi masa ɗan'uwa a ɗaya kundin, ka zauna da malamai tun da wuri. Zaman ba ya wahala in ka san inda za ka fara. A fiƙihun Malikiyya haddin sata sai abin ya kai nisabi kuma an ɗauke shi a ɓoye daga ma'ajiyarsa. Maci amana da mai zamba a babin ta'aziri suke, inda shugaba yake da damar tsara hukunci gwargwadon zamani. Hadisin nan na tarin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa, da Suratul Muɗaffifina, sun ishe ka hujjar cewa algus da tauye mudu ba ƙaramin abu ba ne.

Sannan ka tantance ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Majalisar dokokin jiha, mai mambobi 40, da ke Sakatariyar Audu Bako, tana da ikon gyara waɗannan kundaye biyu. Ba ta da iko a kan harkar banki, ko layukan waya, ko dokar shaida, domin tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Majalisar Tarayya su. 'Yan kasuwar waya na Farm Centre sun sha tambayata me ya sa ba za a karɓi hoton hirar WhatsApp a kotu kai tsaye ba. Amsar tana sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, wanda ya gindaya sharuɗɗan karɓar abin da ya fito daga na'ura. Wannan kuka Abuja za a kai shi, ta hannun ɗan majalisar wakilai ko sanata, ko Hukumar Gyaran Dokoki ta Ƙasa da aka kafa a 1979. In ka cusa shi a takardar jiha, ka ba kwamiti dalilin ajiye ta gaba ɗaya.

Tara shari'u kafin ka tara sa hannu

Sa hannun mutum dubu bai kai kwafin hukunci biyar ƙarfi ba. Je wurin rijistaran kotu ka nemi kwafi mai hatimi na shari'un da aka sallami wanda ake tuhuma alhali kowa a kasuwa ya san ya yi. Zauna da 'yan sanda masu gabatar da ƙara, da lauyoyin Ma'aikatar Shari'a, ka tambaye su inda ƙararsu ta saba faɗuwa. Abin da ka samu, kasa shi uku. Kashi na farko, doka ta riga ta kama laifin, shaida ce ta gaza: mai ƙara ya daina zuwa, ko babu rasit, ko an sasanta a bayan fage. Mai alat ɗin bogi a nan yake. Ya yaudari mutum, mutumin ya miƙa masa kaya, sashe na 320 ya ishe shi, ba ya buƙatar sabuwar doka. Kashi na biyu, bashi ne aka kai shi da sunan laifi. Na uku shi ne ainihin giɓin doka, kuma shi kaɗai ne na majalisa. Za ka tarar ya fi sauran ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kada hakan ya kashe maka gwiwa.

Kashi na biyun nan ne nake so in daɗe a kansa, don a nan masu neman gyara suke yin gyaran gangar Auzinawa. Kasuwancin Kano a kan bashi yake tafiya. A Kwari, a Singa, a Dawanau, kaya na miliyoyi suna fita da magana ta baki da layi ɗaya a littafin yaron shago: suna, adadin dila, "saura kaza". Babban ɗan kasuwa ma da kayan wani yake juyawa. Duk dokar da ta ce wanda ya ɗauki kaya bai biya a kan lokaci ba ɗan zamba ne, to rabin waɗanda suka sa hannu a takardar neman ta za ta fara kamawa.

Wani dattijo ya taɓa shigowa ofishina da littafin bashinsa a hammata, an ɗaure shi da roba don bangon ya rabu. Ko zama bai gama yi ba ya ce, "Barista, so nake a ɗaure yaron nan."

Na ce, "Alhaji, sannu da zuwa. Yau ya fara ɗaukar kaya a wurinka?"

"Ina! Tun mahaifinsa na da rai muke yi."

"Yana biya?"

"Yana biya mana. Wannan karon ne ya zo da zancen wai kaya sun kwana a hanya, canji ya tashi."

Muka buɗe littafin. Shafi bayan shafi, an ja layi an soke, alamar an biya. Na ƙarshen ne kawai ba a soke ba, kuma ko a cikinsa ya kawo wani abu sau biyu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, kuɗinka hakkinka ne, za mu bi su ta ƙarar bashi. Amma wannan littafin da kanka ka rubuta shi, kuma shaida yake ba yaron." Bai ji daɗi ba. Doka ce dai haka.

Ma'aunin shi ne niyyar mutum a lokacin da yake karɓar kayan. Kundin Indiya na 1860 ya kawo misali a ƙarƙashin sashensa na 415 wanda duk marinin Ƙofar Mata zai gane: mutum ya karɓi kuɗi a kan zai kawo ganyen baba. In tun farko ba shi da niyyar kawowa, zamba ya yi. In yana da niyya daga baya ya saɓa, ƙarar karya yarjejeniya ce kawai a kansa. Dokar 'yan sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba, dokar gudanar da shari'un laifi ta tarayya ta 2015 ma haka ta ce, Kano kuma ta yi tata a 2019. Duk da haka kowa ya san ana kai bashi caji ofis, a rubuta "cin amana da zamba", mutum ya kwana a Kurmawa ko Goron Dutse har dangi su haɗa kuɗi. In ƙungiyarku na son taimakon kanta a nan, abin nema shi ne a ƙara misalai a ƙarƙashin sashe na 320 da za su nuna wa majistare alamomin mugun nufi tun daga farko: sunan ƙarya, adireshin shagon da babu shi, karyar da kayan ƙasa da kuɗin sari a ranar da aka ɗauke su, jinginar da kaya ɗaya ga mutum biyu. Kundin ya saba da misalai, ba baƙon abu za ku kawo masa ba.

Yanzu ga giɓi na gaske. Sashe na 320 ya fara ne da "duk wanda ya yaudari wani mutum". Sashe na 286 kuma yana magana a kan dukiyar da ake iya ɗagawa, mai jiki. To, wanda ya samu lambobin sirrin wata baiwar Allah, ya danna a wayarsa da tsakar dare, kuɗi suka bar asusunta, wane mutum ya yaudara? Manhaja ce ta amsa masa. Wane abu mai jiki ya ɗaga? Lamba ce ta ragu a nan ta ƙaru a can. Haka wanda ya kwashe katin waya ko data daga layin dillali. Lauya mai wayo zai tsaya a kan waɗannan kalmomi, kuma aikinsa yake yi. Gaskiya ne dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi irin wannan, amma shari'arta a Babbar Kotun Tarayya ake yi. Mai POS a bakin Kasuwar Rimi da aka yi wa naira dubu 40 ba zai iya wannan doguwar hanya ba. Abin da yake buƙata shi ne sashen da majistare zai iya hukunci da shi.

Ba mu kaɗai muka taɓa faɗawa wannan rami ba. A Ingila, a 1996, kotun ƙolinsu ta lokacin ta soke hukuncin wasu masu damfarar bashin sayen gida a shari'ar Preddy, bisa hujjar cewa in kuɗi suka tashi daga asusu zuwa asusu, ba dukiyar wani ce ta koma hannun wani ba: hakki ɗaya ne ya mutu, wani sabo ya samu. Hukumar gyaran dokokinsu ta rubuta rahoto, majalisa ta toshe ƙofar a cikin shekarar. Daga baya hukumar ta fitar da babban rahoto a kan zamba a 2002, wanda ya haifi dokar 2006 da ta fara aiki a Janairun 2007. Ta ce ana zamba ta hanya uku: faɗin ƙarya, ɓoye abin da doka ta wajabta a bayyana, da cin amanar matsayi. Ta kuma faɗa ƙarara cewa ƙaryar da aka shigar wa na'ura ƙarya ce ko da babu ɗan Adam a wurin. Karanta irin waɗannan, ka duba na gida ma, don Legas ta sabunta kundinta a 2011, Kaduna a 2017. Amma kada ka kwafo su ɗungurungum. Ɗauki dabarar, ka zuba ta a kalmomin kundinmu.

Rubuta sashen da kanka

Kada ka ce "muna roƙon majalisa ta duba". Rubuta abin da kake so a karanta a zaure. Ga irin yadda nake farawa:

"Duk wanda, da niyyar samun riba ta haram ko jawo wa wani asara ta haram, ya shigar wa wata na'ura ko manhaja bayanin da ya san ƙarya ne, ko wanda ya san ba shi da izinin amfani da shi, har kuɗi ko wani abu mai daraja ya fita daga hannun mai shi, ya aikata zamba, ko da babu mutumin da aka yaudara."

Ka lura na aro kalmomin sashe na 16 yadda suke, don alƙalai sun riga sun san fassararsu. Da ka gama, sai ka zama abokin gabar rubutunka. Gwada shi a kan mai laifi: ya kama wanda ya sauya layin wayar wani ya kwashe asusunsa? Ya kama. Sai ka gwada shi a kan mutanen kirki, kuma a nan ne aikin yake. Yaron shagon da maigidansa ya ba shi kati da lamba ya ce ya ciro kuɗin dako, daga baya suka ɓata, maigida ya ce bai aike shi ba fa? Uwargidan da ta saba cirar kuɗin cefane da katin mijinta fa? Mai POS da ya ƙara sifiri bisa kuskure da yamma, layi ya yi masa yawa fa? Kalmar "ya san" da kalmar "niyya" su ne ke kuɓutar da waɗannan. In wani a taronku ya ce a cire su don a sauƙaƙa kamu, kada ku yarda. Ni nakan karanta wa mutum biyu daftarin, ɗan sanda mai gabatar da ƙara da lauyan da ya saba kare waɗanda ake tuhuma. In dukkansu suka ɗan ɓata rai, an kusa daidai.

Akwai wata shawara mai daɗin ji da take yawan tasowa: a yi sashe ɗaya kawai da zai ce duk wanda ya yi rashin gaskiya ya ci riba ya yi laifi, a huta. Ku guje ta. Sashe na 36(12) na tsarin mulki ya ce ba a hukunta mutum sai a kan laifin da rubutacciyar doka ta fayyace shi ta kuma faɗi hukuncinsa. Mutanen Ingila ba su fayyace rashin gaskiya dalla-dalla a dokarsu ba, sun bar wa masu taya alƙali yanke hukunci su auna, kuma sun sha fama. Ma'aunin da aka kafa a shari'ar Ghosh a 1982 ya sa ana tambayar ko shi mai laifin ya gane mutane za su ɗauki abin da ya yi rashin gaskiya. Sai a 2017, a shari'ar wani ɗan caca mai suna Ivey a kan fam miliyan 7.7, kotun ƙoli ta yi watsi da wannan ɓangare. Ita kanta hukumar gyaran dokokinsu ta ƙi amincewa da laifin rashin gaskiya na gama-gari. Mu nan majistare ɗaya ne zaune a kan kujera. In ka ba shi kalma marar iyaka, dillalin da ya ci kamasho mai kauri da ɗan kasuwar da ya ɓoye farashin sarinsa duk sun shiga hannu, gwargwadon wanda ya riga kai ƙara.

Batun hukunci kuwa, tambayi duk wanda aka damfara abin da yake so, zai ce kuɗinsa. Sashe na 78 na Final Kod ya ba kotu damar sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, a kan hukunci ko a madadinsa. Nemi a ƙarfafa wannan: a wajabta wa kotu ta duba batun biyan kafin ta rufe shari'a, a kuma bambanta hukunci gwargwadon yawan dukiyar da matsayin mai laifin, don wanda ya cinye adashen zawarawa ba ɗaya yake da wanda ya ci canjin dubu biyu ba.

Takardar kanta kada ta yi kauri. Shafin farko ya faɗi ko ku su wane ne, matsalar a layi biyar, da abin da kuke nema. Sai jadawali mai gida uku: yadda sashen yake yanzu, yadda kuke so ya koma, da dalili. Wannan jadawali shi ne abin da sakataren kwamiti zai ɗauka ya yi aiki da shi, saboda haka a nan za ku zuba ƙoƙarinku. Bayansa ku kawo shari'un da kuka tara a taƙaice, da lambobinsu, sannan cikakken daftarin ƙudirin. Ku ware wuri ku faɗi abin da masu suka za su ce da amsarku, da waɗanda kuka tuntuɓa, har da waɗanda ba su yarda da ku ba. Kada ku sa adadin da ba za ku iya kare shi ba. In an ce "an yi asarar biliyoyi", wani mamba zai tambaya a ina aka ƙirga, daga nan sauran maganarku ta yi rauni. Ku rubuta da Turanci da Hausa. Da Turanci ake zartar da dokar, amma sashe na 97 na tsarin mulki ya yarda majalisar jiha ta yi aiki da wani harshen jihar in ta amince, kuma ta Hausar ce 'yan ƙungiyarku za su karanta su san abin da aka kai da sunansu.

Hanyar shiga zaure biyu ce. Ko dai ƙudirin ya zo daga ɓangaren zartarwa, wato ku gamsar da Antoni Janar kuma Kwamishinan Shari'a, masu tsara doka na ma'aikatarsa su gyara lafazin, majalisar zartarwa ta amince, gwamna ya aika wa kakaki. Ko kuma wani mamba ya ɗauke shi a matsayin nasa. Ta farko ta fi jinkirin tashi amma ta fi saurin isa, don wanda zai sa hannu a ƙarshe shi ya aiko. In ta biyu za ku bi, ku fara da mamban da abin ya shafi mazaɓarsa: Kwari da Wapa a Fagge suke, Farm Centre a Tarauni, Dawanau a Dawakin Tofa. Ku haɗa da shugaban kwamitin shari'a. Ko wacce kuka bi, ku kai kwafi ofishin akawun majalisa a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata, ku ba reshen ƙungiyar lauyoyi na Kano da malaman tsangayar shari'a ta Jami'ar Bayero su ma su gani. Gara su fito da kuskuren a ofis da su fito da shi a bainar jama'a.

A zaure sau uku ake karanta ƙudiri. Karatu na farko sunan ƙudirin kawai ake ambata. A na biyu ake muhawara a kan manufarsa, sai a miƙa wa kwamiti, kuma a nan ne ake kiran zaman jin ra'ayin jama'a. Mintuna kaɗan za a ba ku. Na ga wakilin wata ƙungiya da ya ƙarar da nasa a gaisuwa, ya bi manyan teburi ɗaya bayan ɗaya da laƙabinsu, yana cewa "abu na farko" aka karɓe makirfo. Gaisuwa ɗaya ta isa: "Mai girma shugaban kwamiti, masu girma mambobi." Sai ka ba da labarin shari'a guda a taƙaice, ka karanta sashen da ya gaza, ka karanta naka. Ku tafi da wanda abin ya faru a kansa in ya yarda ya yi magana, kuma ku raba aiki: mutum ɗaya ya yi jawabi, lauya ya amsa tambayoyi, wani ya rubuta duk abin da mambobi suka tambaya. A cikin makon ku aika wa sakataren kwamiti amsoshin a rubuce, domin rahoton da kwamiti zai kai zaure a lokacin ake haɗa shi. Bayan nan majalisa za ta bi ƙudirin sashe-sashe, a yi karatu na uku. Ku samu wanda zai zauna a wurin ranar, don kalma ɗaya in ta faɗi a wannan mataki, irin "ya san" ɗin can, ta canza dokar baki ɗaya.

Sashe na 100 na tsarin mulki ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na mambobi na iya zartar da ita ba tare da shi ba. Ku kuma lura da kalanda. Ƙudirin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa na shekara 4 ya cika, sai an sake shi daga farko, kuma wa'adin wadda aka rantsar a Yunin 2023 a Yunin 2027 yake ƙarewa. Shekarar zaɓe hankalin kowa yana wani wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin yana cin lokaci ko'ina: a ƙasar Ayalan hukumar gyaran dokoki ta miƙa rahotonta a kan laifukan rashin gaskiya a 1992, dokar sata da zamba da ta biyo baya sai a 2001 ta fito. Saboda haka fayil ɗin ya zama na ƙungiya, a ajiye shi inda sabon sakatare zai same shi.

In Allah ya sa aka sa hannu, ku bi sawu har a buga ta a gazet, wato jaridar gwamnati da ake buga dokoki a ciki, ku sayi kwafi ku kai wa masu gabatar da ƙara da ofisoshin 'yan sanda da ke kusa da kasuwanninku, don da tsohon littafin da ke kan teburinsu za su ci gaba da rubuta tuhuma in ba su ga sabon ba. Ku fassara sashen a shafi ɗaya ku manna a ofishin ƙungiya, ku nemi fili a rediyo a yi bayaninsa. Ku kuma gaya wa mambobinku tun da wuri cewa sashe na 36(8) na tsarin mulki ya hana sabuwar dokar laifi komawa baya, saboda haka wanda aka cuta bara da tsohuwar dokar za a yi masa shari'a.